Wanda Bai Amsa Kira Ba

A shekarata ta biyu a kwaleji ƙungiyar ɗalibai ta ba ni muƙamin wakilin masu buƙata ta musamman. Aikin sa-kai ne, ba ofis, ba ko kujera. Ni mutumin Kebbe ne, shan-inna ya taɓa min ƙafar hagu tun ina goye, da sanda nake tafiya. A Tambuwal nake zaune gidan kawuna, kullum mai mashin ya ajiye ni a ƙofar makaranta. Baki kuwa Allah ya ba ni, ban kuma taɓa jin tsoron ofishin kowa ba.

Saura mako biyu a fara jarrabawa, wani ɗalibi ɗan Dogon Daji ya tare ni gindin dalbejiya. Dogo ne, mai yawan shiru, ɗan aji ɗaya. Sanƙarau ya tafi da jinsa yana ƙaramar sakandare, amma yana magana, kuma in ka fuskance shi yakan karanci leɓenka. Ya ja ni zuwa allon sanarwa ya nuna min sunansa cikin waɗanda aka hana rubuta jarrabawar kimiyyar ƙasar noma, wai bai taɓa shiga aji ba.

"Wallahi ko rana guda ban yi hwashi ba," ya ce.

Na tambayi 'yan ajinsu, sai na gano bakin zaren. Malamin darasin yakan duƙar da kai kan takarda ya kira lambobin ɗalibai. Shi kuwa ba ya ganin bakin malam, bai ma san kiran suna ake ba. Wata uku yana zaune a layi na biyu ana rubuta masa ba ya nan.

Na sami malamin a ofis, dattijo mai tsare doka. Na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni.

"Ni abin da na sani, na kira, ba a amsa ba," ya ce.

"Allah shi gafarta Malam, wanga yaro kurma ne. Da mi za shi ji kiran?"

"To mi ya hana shi faɗa tun farko?"

Tambayar tasa kuwa tana kan hanya. Da na fita na tambayi ɗalibin, ya sunkuyar da kai ya ce kunya. Ba ya so a riƙa nuna shi. Na buga sandata a ƙasa na ce masa ni tawa ba ta ɓoyuwa, kuma ga ni ban mutu ba. Ya yi dariya.

Washegari na ce ya kawo littafinsa na darasin. Kowane shafi da kwanan wata a sama. Malamin na da ɗabi'ar zana ramin ƙasa a allo, hawa-hawa, ya goge nan take. To ga zanen nan duka a littafin, har da na ranar da malam ya yi kuskure ya sake. Na ɗauki littafin, na tara 'yan ajinsu biyar, muka koma.

Malam ya sa tabarau ya yi ta buɗa shafuka. Da ya iso kan kuskuren, sai ya tsaya.

"Wanga ni na yi shi," ya ce a hankali. "Ku kira min shi."

Da ya shigo, malam ya miƙe, ya cire tabarau, ya dube shi ido da ido yadda zai ga bakinsa, ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana." Da hannunsa ya rubuta takardar gyara, ni kuma na kai ta ofishin jarrabawa da kaina, na zauna a benci har aka buga hatimi.

Ban tsaya nan ba. A taron ƙungiya na kawo shawarar a riƙa zagaya takarda a aji kowa ya sa hannu, maimakon kiran suna. Wasu malamai suka ƙi, wai ɗalibai za su riƙa sa wa abokansu. Huɗu suka yarda, ciki har da dattijon.

Ɗan Dogon Daji ya ci jarrabawar, ba da wani babban maki ba, amma ya ci. Bayan hutu ya zo min da ƙullin gyaɗa daga gonarsu, tare da wata ɗaliba zabiya da ba ta ganin allo daga nesa. Ya nuna ni ya ce mata, "Faɗa mai, shina iyawa." Na gyara zama na ce ta fara daga farko.