Allurar da Ba Ta Sa Sambatu

Ban taɓa mantawa da ranar da aka cire wa wata Hajiya 'yar unguwar Muciya nono ba. Ni ba likita ba ne, ba nas ba. Gado nake turawa, daga ɗakin mata zuwa tiyata, in dawo da shi. Ko firamare ban gama ba.

Ku sababbin ma'aikata ba ku san yadda ake yi a da ba. In an yi wa mace aikin ciwon daji, allura mai ƙarfi ake mata, dangin mofin. Tana kashe zafi kam, amma sai amai, sai barci, wata kuma ta yi ta sambatu.

Muna bakin ƙofar tiyata Hajiya ta riƙe ƙarfen gado ta ce, "Malam, tsaya. Wai in mutum ya farfaɗo yakan faɗi abin da bai sani ba?"

Na ce, "Wasu."

Ta ce, "Surukata tana waje, da yayyen maigidan. Tun da aka kai ni gidan ban taɓa kama sunansa ba. A cire nonon, na yarda. Amma kar in kira shi a gabansu."

Na kira likitar da ke sa barci, wata yarinya 'yar Samaru. Ta saurara, ta ce, "Mama, ciwon daji bai ba ki tsoro ba, sai suruka?"

Hajiya ta ce, "Ke dai ba ki san ta ba ne."

Likita ta yi dariya, sannan ta yi mata bayani. Barci za a sa ta, amma ba mofin. Za ta duba da na'urar hoto ta zuba magani daidai kan jijiyoyin ƙirji, gefen ya mutu, kamar yadda ake kashe dasashi wajen cire haƙori. Bayan aiki sai farasitamol da ire-irensa. Ta ce, "In zafi ya fi ƙarfinki ki faɗa. Ba a jarumta a nan."

Da la'asar na turo ta waje, idonta biyu. Ta ce a hankali, "Na yi magana?"

Na ce, "Kin ce a gyara miki ɗankwali."

Maigidan ya matso. Ta kau da kai ta ce, "Sannunku da jira." Tsohuwar surukarta ta gyaɗa kai.

Na ajiye gadon, na samu benci na zauna. Matata Ladi ma wannan aikin aka yi mata, zamanin tsohuwar allura. Ni na turo ta. Muna daidai kwanar famfo da ke hanyar ɗakin mata, idonta rufe, ta ce, "Sule. Sule, kana nan?" Duk zamanmu Malam take ce mini. Da ta farka ba ta san ta faɗa ba, ni kuma ban gaya mata ba. Damina ba ta zagayo ba Allah ya karɓi abarsa.

Sabuwar hanyar ta fi, ba gardama. Abin da na koya shi ne, mara lafiya ba zafi kaɗai yake tsoro ba. In ya riƙe ƙarfen gado, ku tsaya ku ji.

Ni dai har yau in na zo kwanar famfon nan, nakan rage sauri.