Baba da Ƙararrawar Kwamfutata

Ni dai abin kyauta ba ya wuce ni. Shi ya sa ranar da na ci karo da wata manhaja mai buga ƙararrawa duk awa, kuma ba a biyan ko sisi, na sauke ta a tsohuwar kwamfutar shagona ba tare da na san amfanin da za ta yi mini ba. Shagon buga takardu ne da fotokwafi, kusa da tashar motocin Mashegu.

A lokacin babana bai daɗe da yin ritaya ba. Masinja ne a wata firamare, shi ke buga tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiyar mangwaro, a shiga aji, a fita tara, a tashi. Da aikin ya ƙare sai ya zauna a ɗaki. Ba ya fita, tuwo ma sai an yi ta lallashi. Ina ganin mutum yana ramewa a gabana, kuma gaskiya na tsorata. Da ƙyar na ja shi shago wata safiya, wai ya tsare mini in je banki.

Ina dawowa kwamfuta ta buga sha ɗaya. Baba ya ɗaga hannun riga ya dubi agogonsa.

"Ke, wannan abin naki maƙaryaci ne. Sha biyu saura kwata yanzu."

Ya yi gaskiya. Lokacin kwamfutar ba ya tsayawa daidai, da an ɗauke wuta sai ya rikice, wuta kuwa a unguwarmu baƙuwa ce. Na iya gyarawa da wayata, amma wa ya isa ya faɗa wa Baba haka? Ya tsaya a bayana yana faɗin mintin, ina bugawa, har da "Dakata, dakata… yanzu!"

Washegari ban kira shi ba. Bakwai da rabi sai ga shi da hula a kai, ya saita agogonsa da rediyo. Haka ya ɗore. Yakan ce ma'aikacin da babu mai duba shi lalacewa yake yi, ko da na'ura ce. Matar da ke ɗinki a shagon gefe ta koma dogara da bugun ƙarfe ɗaya don ɗauko 'ya'yanta daga makaranta, Baba kuwa ya ɗauki wannan a matsayin babban nauyi a wuyansa. Ya fara cin soyayyar doya a bakin shago, yana gardama da direbobi da Hausarsa mai gauraye da Dukanci.

Sai ni da wayona na ɓata abin. Mai gyara ya zo duba injin firinta, na yi masa ƙorafin lokacin kwamfutar, ya ce ai wani ɗan batiri ne a ciki ya mutu. Ya sa sabo, ɗan ƙarami kamar maɓallin riga.

Kwana uku Baba na zuwa, kwamfuta na bugawa daidai. Ya dubi agogonsa, ya dubi allon, ya ce, "To, madalla." Rana ta huɗu bai zo ba. Ta biyar ma haka. Mama ta ce ya koma kwanciya.

Da yamma na rufe ƙofar shago, na kwance kwamfutar da wuƙar yanka takarda, na ɓamɓare batirin. Da safe aka kawo wuta, ba a jima ba ta buga ɗaya alhali tara ba ta daɗe da yi ba. Mai ɗinki ta fito a guje da mayafi a hannu. Na kira Baba a waya na ce abin ya sake haukacewa, zai jawo mini faɗa da maƙwabta.

Ya zo a kan acaba, mutumin da ya ce ba zai taɓa hawa ba. Yana shigowa idonsa ya faɗa kan teburina. Ga batirin nan kusa da kwalbar gam, na manta ban ɓoye ba.

Ya ɗauka, ya juya shi a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Bai dube ni ba. Ya jefa shi a aljihun gaba, ya ja kujera.

"Buga," ya ce. "Tara da minti ashirin da biyu."