Albarka, Baffa

Ni dai Allah ya yi ni da saurin baki, kowa a gidanmu shaida ne. Shekarar da idon Baba ya yi rauni, ni na karɓi rumfarsa ta kanwa da dusa a kasuwar Gaya. Ina zuwa na rubuta farashin komai a kwali na rataye, don ni ja-in-jar ciniki ciwon kai take sa ni.

Ran kasuwa ta biyu sai ga wani dattijo Bafulatani daga Toranke, abokin cinikin Baba tun kafin a haife ni. Ya gaishe ni, ya tambayi jikin Baba, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dafa buhun dusa ya taya rabin kuɗinsa.

Na ce, "A'a, Baffa. Ga farashi can a rubuce."

Ya dubi kwalin, ya dube ni, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Sati uku ko ƙeyarsa ban gani ba.

Da Baba ya ji shiru ya tambaye ni, na faɗa masa yadda muka yi. Sai ya tafa hannu yana salati.

"A'a? A rumfata? Kai, wa ya koya maka? Mutum in ya taya kayanka, ko tayin wasa ne, albarka ake ce masa. Ka ƙi kuɗinsa, amma ka bar shi da mutuncinsa."

Na ce ai duk ɗaya ne, ƙi dai sunansa ƙi. Baba ya ce in tayar da babur. Haka na goya shi har Toranke, yana riƙe da rigata, ina ta ƙunƙuni. Amma gaskiya na gane amincin shekara da shekaru nake neman ɓata masa.

Mun sami dattijon a ƙofar gida yana tufkar igiya. Na durƙusa na ba shi haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya yi dariya.

"Ɗana, ka ɗauka ban san kuɗin dusa ba? Ga dusa nan a Ajingi, kusa da ni. Ni albarkar bakin babanka nake zuwa karɓa, sai in haɗa da buhu."

Bayan damina biyu Baba ya rasu. Ranar da na sake buɗe rumfa, dattijon ne ya fara zuwa. Bai tambayi jikin kowa ba. Ya dafa buhu ya taya rabin kuɗi.

Ni mai saurin baki, ran nan da ƙyar na ce, "Albarka, Baffa."

Ya ce, "Amin." Ya juya mini baya yana goge ido da bakin rawaninsa, ya ce, "Ƙara faɗa, ɗana. Haka yake faɗinta."