Makwarwar da Yaya Haladu Ya Bar Mini

Shekara takwas ke nan cif da rasuwar yayana Haladu, kuma har yau kowace safiya sai na yi masa aiki kafin in yi wa kaina.

Ma'aikacin gandun daji ne, amma makwarwa ce ta ɗauke masa hankali. Daga sallar asuba yakan hau babur ya nufi dajin da ke tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, ya tsaya yana sauraron kukansu yana rubutawa, don a san ko raguwa suke yi. Wadda ya kama sai ya sa mata zobe a ƙafa ya sake ta. A Gumel ana yi masa tsiya, wai shi ne mai yi wa naman miya ƙidaya. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba.

In manoma suka tarar da ƙwan makwarwa a gona lokacin noma, sai ya roƙa, ya kawo gida ya sa wa kaza ta kwanta a kai. Haka ya tara su a tsakar gidanmu. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya riƙe hannuna ya ce, "Sani, kada ka yanka, kada ka sayar. Idan daji ya farfaɗo, ka mayar da su." Na ce to, don ba a musu da mai jinya. Ban tambaye shi yadda ake gane daji ya farfaɗo ba.

Da zai dawo yau, da ban san abin da zai rubuta ba. Inda yake tsayawa ya zama gonar riɗi, an sare sabara, an feshe ciyawar da suke ɓuya a ciki.

Bara waccan na gaji, na ce alkawari kaya ne, bari in sauke. Na kwashi rabinsu a kwando zuwa wani ɗan ragowar daji wajen Maigatari, na buɗe. Suka tsaya suna kallona. Can sai wata mata ta fara daka a rugar da ke kusa, ai kuwa suka kwasa a guje suka nufi ƙarar turmin. Kaza ce ta rene su, a gindin turmi suka san abinci. Matar ta fito tana dariya ta ce, "Malam, naka ne? Kwashe su kafin karnuka su gani." Sabo turken wawa, sai dai ban san ko su ne wawayen ko ni ba. Na dawo da su gida ina jin haushin mamaci, Allah Ya yafe mini.

Littattafansa suna nan cikin adaka, babu wanda ya zo nema. Abin da ya rage nasa mai rai shi ne waɗannan tsuntsaye, suna hayayyafa, ba su zama kaji ba, ba su koma 'yan daji ba. Saboda su na ƙi komawa Kano wurin 'yata Hadiza, duk da ciwon ƙafa da ya sa ni gaba.

Da ta zo duba ni kwanan baya, ta ce, "Baba, in ta Allah ta kasance, yaya zan yi da su?" Na ji maganar Yaya ta taso mini har baki, kalma da kalma. Na haɗiye ta, na ce ta miƙo mini tsabar da zan watsa musu. Allah Ya jiƙan Yaya Haladu, amma wannan kayan a kaina zai tsaya.