Aska a Hannun Tarago

Cleophus Gaines, taubashina, a garin Hatchie Bend na jihar Mississippi aka haife shi, kuma ungozomar da ta karɓi haihuwar ta rantse har ta mutu cewa kansa a sunkuye ya fito, yana neman wanda zai tunkuya. Bai sake hali ba. Yana ɗan shekara sha shida ya zama abin alfaharin makarantar sakandaren garin a ƙwallon Amurka. A danƙa masa ƙwallo a hammata, ya duƙar da hular kwano, ya keta ƙarti sha ɗaya kamar wuƙa cikin kabewa. Nan ya samo sunan Tarago. Littafi kuwa bai taɓa yi masa laifi ba, shi ma bai taɓa damun littafi ba. Da jami'o'i suka leƙa takardunsa suka ce Allah ya ba da sa'a, sai ya auri Vernell, ya gaji shagon askin ubanta, ya yi shekara arba'in yana kankare haɓar mutanen gari.

Shagon yana da kujera ɗaya, benci biyu, da musu ɗaya tak wanda ba ya ƙarewa: wane ne gwanin gwanaye a tarihin ƙwallo? Kowace Asabar da safe ake buɗe shi, da soyayyar tarwaɗa a takarda da shayi mai ƙanƙara. Masu ƙirga zoben da ake ba waɗanda suka ci kofi suna da nasu gwanin, mai jifan ƙwallo. Tsofaffi suna da nasu, mai gudu da ƙwallo na zamanin talabijin baƙi da fari. Tarago sai ya bari kowa ya gaji, sannan ya goge hannu ya ce, "Duk yara ne. Lamont Suggs."

Wannan Suggs ɗin ba a taɓa ganinsa a talabijin ba. Ɗan wasan baya ne mai tare hanya na makarantar garin da ke maƙwabtaka, daga baya ya ja motar katako har ya rasu. Abin da ya yi a duniya guda ɗaya ne: a shekarar saba'in da takwas ya yi karo da Tarago kai da kai.

"Takalmana a fili aka tsince su, ni kuma a bayan allon maki," in ji Tarago. "Kwana uku ina gaida uwata da sunan koci. Wanda ya tsayar da tarago, ku faɗa min wa ya fi shi!"

Shekara kusan arba'in ana dariyar wannan labari. Bara aka fara ragewa. An ga almakashin Tarago a cikin firji. Ya aske wa mutum gefe ɗaya sau biyu, ya bar ɗayan. Wata rana ya tsaya a tsakiyar titin da ya taka tun yana rarrafe yana tambayar hanyar gida. Likitan birni ya gaya wa Vernell cewa kan da ya sha karo ɗari-ɗari ba ya mantuwa, jira kawai yake. Ita kuma ta gaya wa mijinta a gaban kowa: "Cleo, ranar da ka fitar wa wani ɗigon jini, ranar zan rufe shagon ubana."

"Ke dai je ki duba wakenki," ya ce. Amma tun daga ranar ya kafa doka: in kumfa ta hau wuya, musu ya tsaya. Kowa a garin ya san dalili, ba wanda ya faɗa.

Sai aka kawo wa cocinsu sabon fasto daga Chicago, Fasto Ellerbee, mutum mai ɗaura taye a wuya ko a ranar Asabar, wanda bai iya jin magana ta wuce bai sa mata baki ba. Ya shigo ana tsakiyar musu, ya hau kujera, aka kwantar da shi, aka lulluɓe shi da farin ƙyalle, aka shafe shi da kumfa tun daga kunne har maƙogwaro. Benci ya yi tsit. Ba ka jin komai sai aska tana kai-komo a kan fatar wasawa.

"To, me ya sa kuka yi shiru?" in ji Fasto, idonsa a rufi. "Ai maganar mai sauƙi ce. A ƙirga zobe."

Thurman, tsohon alƙalin wasa da ya yi ritaya, wanda ya fi kowa daɗewa a bencin nan, ya yi gyaran murya. "Fasto, a bari a gama tukuna."

"A'a, ɗan'uwa, gaskiya ba ta jira. Na ji ana ta Suggs, Suggs. Wane ne shi? Zobensa nawa?"

Askar ta sauka a ƙasan kunnensa, ta ja sau ɗaya, tsaf.

"Ya tsayar da tarago," in ji Cleophus a hankali.

Fasto ya yi dariya, kumfa na rawa a wuyansa. "Malam Cleo, karo ɗaya ai ba gwaninta ba ce. Ƙila ma kai ne ka sunkuyar da kai da wuri. Da yau ne, korarsa za a yi daga fili."

Hannun Tarago ya tsaya.

Waɗanda ke benci sun ce ba fushi suka gani a fuskarsa ba, da fushi ne da sauƙi. Idanunsa ne suka tafi madubi suka ƙi dawowa, kamar akwai fili mai yadi ɗari a ciki. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Tafin hagu, wanda ya kai faifai, ya sauka a goshin Fasto ya manna shi da kujera. Askar tana kwance a kan jijiyar wuya, jijiyar tana harbawa a ƙarƙashinta.

"Ga shi nan tafe," ya ce. "Ku ba ni ƙwallo. Ga shi nan."

"Cleo," in ji wani daga benci. "Kawu Cleo, Asabar ce yau."

Bai ji ba. Ya fara huci ta hanci, kafaɗunsa suka tattaru, kansa ya yi ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganinsa a fili ya san abin da ke biyo bayan wannan sunkuyon. Fasto, mai wa'azin awa biyu ba ruwa, ko Amin ya kasa. Ba mai iya tashi, don motsi ɗaya ya isa. Kira kuma an yi, suna bai kai inda yake ba.

Thurman ya cusa yatsu biyu a baki ya busa fito, irin mai tsawo, mai kaifi, na tsayar da wasa.

Jikin da aka hora tun yana yaro bai yi shawara da kai ba. Tarago ya miƙe cak, ya ja da baya taku biyu, ya ɗaga hannuwa sama don alƙali ya ga bai taɓa kowa ba. Askar na lilo a tsakanin yatsunsa. Ya dubi benci ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya ci?" ya tambaya.

A wuyan Fasto, cikin farar kumfa, wani ɗan jan layi ya fito, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Kafin Thurman ya kai tawul wurin, Vernell tana bakin ƙofa da cokalin miya a hannu, fiton ne ya fito da ita daga kicin ɗin gidansu da ke bayan shagon. Ta dubi wuyan. Ta dubi mijinta. Ba ta ɗaga murya ba, hannu kawai ta miƙa. Ya daɗe yana kallon tafin nata kafin ya naɗe askar ya ɗora.

Fasto ya yi wa'azin Lahadi da rabin gemu, kuma ba a taɓa jin ya gama da wuri haka ba. Shago yana rufe. Musun ya koma barandar gidan Cleophus, inda yake zaune a kujerar lilo yana ba kowa amsa ɗaya. Ranar Litinin Vernell ta shiga kantin kayan wasanni ta sayi usur uku. Ɗaya na rataye a kicin, ɗaya a mota. Na ukun yana wuyanta, ƙarƙashin riga, ko wanka ba ta cire shi.