Neman Tsohon Irin Gero a Kajiji

Ana idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da wani dakta na jami'a da ya daɗe yana bin ƙauyuka yana tattara irin shuka na gargajiya. Motar ofishinsu ba ta da taya tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, sai muka matsu cikin wata tsohuwar Fijo mai tari a kowane hawa.

A Boɗinga muka karya da kunu da ƙosai. A kasuwa albasa ga ta tuli, amma sabulu da madarar gwangwani sai wanda ya san mai kanti. Dakta kuwa yana can durƙushe gaban masu awo, yana murza tsaba a tafin hannu. Wani gajeren gero yake nema, mai nuna ko ruwa ya ɗauke da wuri. Wata mai awo ta ce mu nemi wani tsoho a Kajiji.

Daga Shagari babur muka hau, gonaki hagu da dama duk sun yi yaushi. A Kajiji, muna sallama tsohon ya gane ni. Ni ne malamin gonar da ya taɓa zuwa ya ce su bar irin kakanni su karɓi sabo mai son taki. Bana takin bai zo ba, ruwan ma ya tsaya.

"Kai kac ce mu zubar da shi," in ji shi. "Mi kuma kaz zaka nema?"

Dakta ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ya ce, "Baba, karatu na zo ɗauka wurinka."

Har la'asar yana tambaya, tsoho yana amsawa, Dakta yana rubutawa. Can tsohon ya shiga gida ya fito da tulu liƙe da laka. Ya fasa bakin, ga geron nan cikin toka, ko ƙwaro bai taɓa ba. Ya cika ƙoƙo ya miƙa. Dakta ya karɓa da hannu biyu, ya yi alkawarin yawaita shi ya dawo wa garin da shi. Da ya juye geron a ambulan, sunan tsohon ya rubuta a jiki, ba nasa ba.

Mun iso gida da magariba. Shekara tara ina shiga gonakin mutane ina ba da umarni, ban taɓa tambayar manomi abin da ya sani ba. Sai a wannan tafiya na ga yadda ake yi.