Wuƙa Mai Zobe

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Alhaji Ɗan'azumi bayan sallar Juma'a a Withington ya ji ra'ayinsa a kan ƙaramar bindiga, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Akanta ne mai aikin lissafin kuɗi, shekararsa ashirin da biyu a Manchester, ko kurciya bai taɓa harbi ba. Amma ɗan maƙeri ne. Mahaifinsa, Malam Muhammad Awwal, shi ke gyara wa mafarauta bindigar toka a Wudil, shi kuma sai ya gaji son ƙarfe.

"Revolver ita ce bindiga," in ji shi. "Shida take ci, shida take amayarwa, ba gardama. Na robar nan kuwa kayan wasan yara ne."

Abokinsa Dokta Salihu yakan ce, "Alhaji, a ƙasar da ko taɓa ta ba za a bar ka ka yi ba?"

"Likita, kai ma ai kana sharhin ƙwallo. Yaushe rabonka da gudu?"

Kullum da safe yakan jera kayan aljihunsa a kan tebur: ƙaramar tocila, biro na ƙarfe, carbi, asuwaki, sai wuƙa. Matarsa Saudatu takan ce, "Sai ka ce mai zuwa yaƙi, alhali bas za ka hau."

Wuƙar nan ita kaɗai ta rage masa daga hannun mahaifinsa. Mai naɗewa ce, ƙotarta ƙaho, da zobe da ke kulle ta idan an buɗe. Da ita tsohon yake fasa goro yana miƙa wa baƙi. Ɗan'azumi ya auna tsawonta ya fi sau goma, inci uku saura kaɗan. "Doka inci uku ta ce," yakan faɗa. "Ni na san doka."

Da 'yarsa Firdausi ta haihu a unguwar Selly Oak ta Birmingham, aka ce za a sa wa yaron Muhammad Awwal, sai Alhaji ya ƙudura a ransa: da wuƙar nan zai fasa goron farko na suna, sannan a ajiye wa mai sunan Malam.

Ran suna ya sauka daga jirgin ƙasa a Birmingham, ya tarar 'yan sanda sun kafa ƙofar binciken ƙarfe. Ya shige hankalinsa kwance, ƙofa ta yi ƙara. Shi da kansa ya fito da wuƙar, har da murmushi, yana faɗin tsawonta.

Wata 'yar sanda ta buɗe ta, zoben ya ce ƙas. "It locks, sir."

Cikin ladabi ta yi masa bayani: tsawon ba laifi, kullewar ce dokar ta hana. Shi da ya san sunan kowane ƙarfe a cikin revolver, wannan bai sani ba. Ya yi maganar Wudil, ya yi maganar jariri. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce idan ya sa hannu ya bar wuƙar, magana ta tsaya a gargaɗi.

"Ina za ku kai ta?"

Ta ce akan tara su a narkar.

Ɗan maƙeri ba sai an fassara masa wannan ba. Ya sa hannu.

A flat ɗin Firdausi, bayan an shafa fatiha, aka kawo masa farantin goro. Ta leƙo daga ƙofa tana dariya. "Dad, ina wuƙar Kaka? An gaya wa kowa fa."

Hannunsa ya tafi aljihun dama, ya dawo. Ya ɗauki goro ɗaya, ya sa farce ya ɓare shi. Ɓarin bai fita daidai ba.

Juma'ar da ta biyo baya Dokta Salihu ya tsokane shi da zancen bindigar roba. Alhaji ya ce, "Bar maganar nan, Likita."

Har yau yana jera kayansa da safe, abu huɗu. Saudatu ta lura yana barin gurbi a ƙarshen layi, ba ta kuma ƙara yi masa zancen yaƙi ba.